Darasi Tara da Suka Rage wa Kellu

Ranar da Kellu ta karɓi wayar babanta ta ɗauki bidiyon rago, ranar ta jawo wa kanta abin da ta jawo. Kuma da murnarta ta yi, abin haushin ke nan.

Asabar ce da la'asar, a gidansu da ke unguwar Dala, a Borno. Babanta Alhaji Adam, mai sayar da dabbobi a kasuwar shanu, yana zaune a gindin dalbejiya yana fama da waya, gumi na ɗiga ta haɓarsa. Wani mutumin Fatakwal ne ke son ragunan layya masu yawa, ya ce shi ba zai taso ba, a nuna masa su ta waya. Alhaji mutum ne da in ya dafa bayan bijimi zai faɗa maka shekarunsa da irin abincin da ake ba shi, amma waya kam, in ban da amsa kira, ba abin da ya sani a cikinta. Ya danna nan ta nuna masa fuskarsa, ya danna can ta mutu.

"Baba, kawo in gwada," in ji Kellu.

Shekararta goma sha biyu, tana aji shida na firamare. Ta kwance balamin da ke ɗaure a turke, ta ja shi fili, ta juya wa rana baya kamar yadda malaminsu na kwamfuta, Malam Dzarma, ya koya musu. Ta zagaya ragon a hankali, ta sa babanta ya buɗe bakinsa aka ga haƙora, sannan ta rubuta layi biyu da Turanci ta tura. Kafin Alhaji ya gama gyara hularsa amsa ta dawo: mutumin ya yaba, yana son ganin sauran gobe.

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. Ya aika aka sayo mata kankana ita kaɗai.

"Ashe makarantar nan taku tana da amfani," ya ce. Kellu ta kwana da daɗin maganar nan a ranta.

Makarantar tasu ta gwamnati ce, amma wata ƙungiya ta ajiye musu kwantena guda mai sola a bayan ofishin hedimasta, da ƙananan kwamfutoci ashirin masu kamar allo, waɗanda yara ke kira tab. Yaro zai dangwala babban yatsansa, na'urar ta gane shi, ta buɗe masa darasi. Darasi ɗaya ne tak a rana ga kowane yaro, don yaran da yawa, kuma ƙarfe biyu na rana na'urar ke rufewa da kanta. Duk yarinyar da ta cika darasi arba'in za ta zauna jarrabawa, guda goma da suka fi ci a kai su sakandaren kwana kyauta. Wadda ba ta cika ba, ko sunanta ba zai fito ba.

A gidan Alhaji Adam, 'ya mace aji shida take tsayawa. Yayarta Siddiƙa a nan ta tsaya, ga ta can tana suyar awara a ƙofar gida. Sai dai Alhaji ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa in ƙungiyar nan ta ɗauki Kellu kyauta, shi ba zai hana ba. Wannan ita ce ƙofa ɗaya da Kellu take da ita, ta kuma san haka sarai. Ta yi darasi talatin da ɗaya. Saura tara, saura kwana goma sha biyar na makaranta a rufe rajista.

Ran Litinin ta fito sanye da yunifom, jakarta a kafaɗa, ta tarar da babanta tsaye a zaure.

"Je ki cire. Yau ɗaya ki raka ni kasuwa."

"Baba, yau akwai kwamfuta."

"Ai can ma kwamfutar za ki yi. Yau kawai."

Yau kawai ɗin nan ta kai har Laraba. Labari ya bazu a kasuwa cewa Alhaji Adam yana ciniki da Fatakwal da Legas ba tare da ya taka tasha ba. Kellu ke ɗaukar hoto, ita ke karanta saƙo ta fassara, ita ke mayar da amsa, ita ke gudu shagon mai caji in wayar ta kusa mutuwa. Abokan Alhaji suka fara zuwa: "Alhaji, ara mana 'yar nan minti biyar." Shi kuwa ya ba da ita kamar an ari buta. Rana ce irin ta gab da damina, wadda yashi ke ƙona ƙafa ta cikin silifa, ga ƙuda, ga warin fitsarin dabbobi. Tana dawowa gida idonta ja, kanta na sarawa.

Ran Alhamis Alhaji ya tafi Konduga saro awaki, ta samu ta je makaranta. Ƙawarta Muhsinat, wadda Kellu ce ta koya mata yadda ake riƙe tab ɗin ma tun farko, ta riga ta wuce ta da darasi biyu. Ran Juma'a aka koma kasuwa.

A bayan littafin lissafinta ta ja layi biyu: ɗaya na kwanaki, ɗaya na darussa. Kwana goma, darasi takwas. Ta duba ta sake dubawa, lissafin bai canza ba. Kwana biyu kawai ta rage da za ta iya rasawa.

Ta fara da uwarta, Yusra, tana tankaɗe a tsakar gida.

"Iya, ki yi wa Baba magana. Wallahi in na ƙara rasa uku, shi ke nan."

"Ki yi haƙuri, Kellu. Sallah sau ɗaya take zuwa a shekara. Wannan garin da nake tankaɗewa, daga ina kike tsammani ya fito?"

"Ai Yaya Yunus ya iya waya."

Yusra ta dubi ƙofar ɗakin Yunus, ta rage murya. "Kin san halinsa. Kada ki jawo mana."

Ta je wajen Yunus ɗin da kanta. Yana kwance a kan katifa yana kallon ƙwallo a tasa wayar, littattafansa na sakandare jibge a gefe, ƙura ta hau su.

"Yaya, don Allah ka karɓe ni da safe kawai. Ƙarfe sha biyu zan zo in karɓe ka."

"Ni? In shiga cikin kashin shanu abokaina su gan ni?" Bai ko ɗago kai ba. "Ke da kika nuna kin iya, ai sai ki ci gaba. Ja mini ƙofa."

Ta koma kan babanta, ta ce bari ta koya masa. Ta zaunar da shi bayan sallar magariba, ta kama yatsansa ta ɗora a kan gilashin. Yatsa ne da ya shekara arba'in yana jan igiya, in ya danna abu ɗaya sai uku su buɗe. Sau biyu ya gwada, ya ture wayar.

"Ina da 'ya ta iya, me zai sa in wahalar da kaina da tsufana?"

Litinin ta tafi a kasuwa. Ran Talata da sassafe Kellu ta naɗe yunifom ta cusa a leda, ta ce za ta sayo ƙosai. Ba ta tsaya ko'ina ba sai makaranta. Ta yi darasinta rabin hankalinta a gida, amma ta ci duka tambayoyin. Saura darasi bakwai, kwana takwas.

Da ta dawo, gidan shiru. Alhaji na zaune a gindin dalbejiya, wayar a gabansa a kan tabarma. Wani mai saye daga Legas ya yi ta turo saƙo tun safe ba amsa, ya koma wajen maƙwabcin Alhaji a kasuwa. Bai doke ta ba. Da ma ya doke ta, da ta fi jin sauƙi.

"Ni za ki yi wa ƙarya saboda boko? Abin da suke koya muku ke nan?" Ya miƙa hannu. "Kawo ledar."

Ya sa yunifom ɗin da takalmanta a akwatinsa na ƙarfe, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Yusra ma ta sha nata faɗan, don haka da Kellu ta shiga ɗaki tana kuka, abin da uwar ta iya cewa shi ne, "Kin gani ko? Na ce kada ki jawo mana."

Laraba ta tafi. Layukan biyu suka yi daidai: kwana bakwai, darasi bakwai. Ba sauran ranar rasawa. Ta kasa cin abinci.

Da yammacin ranar Malam Dzarma ya zo gidan a kan kekensa. Mutumin kudancin Borno ne, siriri, mai sanyin magana. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi. Kellu ta laɓe a bayan ƙyauren zaure tana ji.

"Alhaji, ban taɓa samun ɗaliba kamar Kellu ba. Darasi bakwai ya rage mata, kwana bakwai suka rage. In ta rasa gobe, ta rasa jarrabawar."

"Malam, tsakani da Allah, me kuke koya musu a kwantenar nan? Ba danna na'ura ba ne?"

"Har da shi."

"To ga ta nan tana dannawa tun safe har yamma. Ku rabin awa kuke ba ta, ni yini guda nake ba ta. A cikinmu wa ya fi koya mata?"

"Ba ɗaya ba ne, Alhaji. Kuma ga Yunus, shi ma ya iya waya."

"Yunus yana shirin babbar jarrabawa. So kake in kashe wa yaro karatu saboda raguna?"

Haka ya faɗa, kansa tsaye, ko a jikinsa. Bai ji abin da bakinsa ya furta ba, kuma da wani ya maimaita masa, da ya ce ai wannan daban. Malam Dzarma ya ajiye kofin shayi.

"Ko ba yunifom ta zo, zan karɓe ta. Zan jira ta har ƙarfe biyu. Daga biyu ba hannuna, na'urar ce ke rufewa."

"Shi ke nan? Ai wannan mai sauƙi ne. Gobe muna lodin mota da safe. Ƙarfe goma zan sa ta a Keke Napep da kaina. Ka ji magana daga bakin Alhaji Adam."

Tirelar da aka ce za ta iso bakwai, sai tara da rabi ta iso. Mutumin Fatakwal ya ce ba hoto yake so ba, a kira shi ta bidiyo ya ga kowane rago da idonsa, a shafa masa koren fenti a baya, sannan a ɗora shi a mota. Raguna sittin ne. Kellu ta tsaya a rana ta ɗaga waya da hannu biyu. Kuma wayar ba ta ɓoye mata komai ba, don a can saman gilashin, daidai kan fuskar mutumin, agogo na nan yana tafiya.

"Baba, goma ta wuce."

"Yanzun nan."

Layi ya yanke, ta sake kira. Mutumin ya ce rago na goma sha bakwai yana ɗingishi, a sauke a canza. Aka yi ta gardama, ita ce mai fassara ta nan, ita ce mai fassara ta can.

"Baba, sha biyu saura."

"Riƙe da kyau, hannunki na rawa. Mutumin na cewa ba ya gani."

Ƙarfe ɗaya saura kwata ta ga abin ba na ƙarewa ba ne. Ta danƙa wa wani dillali wayar, ta ce ya riƙe haka kawai, ta juya za ta tafi. Bawan Allah ya riƙe ta a karkace, mutumin Fatakwal bai ga komai ba sai sama da reshen bishiya, ya fara faɗa, ya ce a sauke masa kayansa. Alhaji ya damƙo hijabinta ta baya, ya mayar mata da wayar a hannu.

"Saura rago goma sha biyar. Kin fi son in yi asarar mota guda?"

"Baba, ka yi wa Malam alƙawari."

"In ma an makara, ai magana ce. Zan je in ga hedimasta da kaina. Wane ne bai san ni ba a Dala?"

Hawaye na zuba, ta ci gaba da ɗaga waya. Ba ta da hannun sharewa. Ɗaya da kwata. Ɗaya da rabi. Ragon ƙarshe ya goge ta da fentinsa yana wucewa. Biyu saura minti ashirin aka rufe ƙofar tirela. Ta sakar wa babanta wayar a cinya, ta karɓi kuɗin keke, ta zuba a guje.

Daga kasuwar shanu zuwa Dala tafiya ce ta ratsa gari, ga cunkoson gab da Sallah. Ta roƙi mai keken har ya gaji ya ce, "'Yar nan, tashi zan yi sama?" Da suka tsaya cak a wata mahaɗa ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, silifanta ɗaya ya tsinke, ta bar shi a nan.

Makaranta ta watse. Malam Dzarma kaɗai ke zaune a bakin kwantena, tab ɗaya a kan benci kusa da shi, ya cika ta da caji ya ajiye mata. Ya miƙa mata. Ta dangwala yatsa. Na'urar ta gane ta, ta rubuta sunanta, ta gaishe ta, sannan ta ce darasin yau ya rufe, ta dawo gobe. Biyu da minti goma sha biyu. Ta sake dangwalawa, ta sake, har koren fenti ya ɓata gilashin.

"Malam, in na yi biyu gobe fa?"

"Ba ta ba da biyu, Kellu."

"In na zo Asabar? Zan share kwantenar, zan wanke solar."

"Ba ta buɗewa Asabar. Tun jiya na kira ofishinsu na roƙa. Sun ce doka ɗaya ce ga duk makarantun, ba za su canza wa mutum ɗaya ba." Ya cire tabarau ya goge idonsa. "Ki yafe mini, na yi iyakar ƙoƙarina."

Ta zauna a yashi mai zafi, ba ta ma ji zafin ba. Kukan ma ya ƙi fita.

Alhaji Adam ya cika alƙawarin ganin hedimasta kam. Ran Litinin ya sa babbar riga, ya ɗora rago a keke, ya tasa Kellu gaba zuwa ofishin hedimasta, Malam Umara, wani dattijon Babarbare. Aka yi gaisuwar "wushe, wushe", aka tambayi gida da iyali da zafin gari. Shi Alhaji a duniyarsa ba cinikin da ya taɓa lalacewa har abada. In an saɓa, a zauna a tabarma, a kira manya, a tafa hannu, magana ta ƙare.

"Malam, kwana ɗaya ne yarinyar ta makara, kuma laifina ne. A rubuta mata ta zo. Ga ɗan abin layya na kawo wa yara."

"Alhaji, da rajistar takarda ce, da mun duba. Wannan ba ni ke rubutawa ba."

"To wa ke rubutawa? A kira shi mu zauna."

"Ba wanda za a zauna da shi. Na'ura ce. Yatsan yarinya take ƙirgawa."

"Ba ta da wani babba a sama? Ba mai shiga tsakani?"

"Babu, Alhaji. Ka koma da ragonka."

Alhaji ya fito yana karkaɗe riga, ransa a ɓace, ba don Kellu ba, don an mayar masa da kyauta a gaban mutane. A cikin keke, ragon na tsakaninsu, ya numfasa ya ce, "Allah bai nufa ba. Abin da ba rabonki ba ne, ko kin kwana a kwantenar ba za ki samu ba." Can kuma ya ƙara da cewa, "Tunda abin ya zama haka, ai ba sauran amfanin zirga-zirgar. 'Yan kwanakin da suka rage ki taimaka mini mu fita Sallah."

Kowa a gidan nan ya samu abin faɗa. Alhaji ya ce ƙaddara. Yusra ta ce haƙuri. Yunus ya ce ita ta nuna ta iya. Maƙwabta suka ce Alhaji ya yi dace da 'ya mai albarka. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci, har atamfar Sallah biyu aka ɗinka mata, ita da ba a taɓa yi wa fiye da ɗaya ba. An tura yarinya ta koyo abu don ya fitar da ita, da ta koyo sai aka ɗaure ta da shi, kuma waɗanda suka ɗaure ta ɗin su ne masu yabonta a gaban baƙi. Sallah ta zo ta wuce, yunifom bai fito daga akwati ba. Masu saye ba su daina ba, yanzu shanun biki suke so.

Sati uku bayan Sallah, da hantsi, tana zaune a kan buhun dusa a rumfar babanta, wayar ta yi ƙara. Malam Dzarma ne ya tura wa duk iyayen 'yan aji shida sakamakon jarrabawa. Ta buɗe. Sunaye goma. Muhsinat ce ta huɗu. Kellu ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta sake hawa daga ƙasa zuwa sama, duk da ta san abin da take nema ba ya nan.

Alhaji yana gefe yana yi wa wani baƙo kirari da ita. "Wannan da kake gani, malaminsu da bakinsa ya ce bai taɓa samun kamarta ba." Ya juyo. "Kellu, wa ya turo? Na Legas ne?"

"A'a, Baba. Ba na ciniki ba ne."

"To goge shi, kada ya cika mana waya. Ki taso ki ɗauki wannan jan bijimin kafin rana ta yi."

Ta ɗora yatsa a kan saƙon ta danne, kamar yadda aka koya musu a darasi na shida. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Sannan ta miƙe, ta juya wa rana baya, ta ɗaga wayar.